Nawa Ne Kuɗin Bindigar Da Maƙera Uku Suka Taɓa?

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san akwai kayan da ƙimarsu ba ta ba da wahala. Idan gida ne a kira dillalan gidaje, idan shanu ne a aika kara, zannuwa da kwanuka kuwa mata sun san kuɗinsu tun kafin a tambaye su. Amma ranar da aka jawo tsohuwar bindigar farauta daga bayan ƙyaure, naɗe cikin buhu, sai ka ji zaure ya yi tsit. Ba ta rabuwa kashi-kashi, dole a yi mata kuɗi a sa ta cikin rabon wani. A nan ne wani zai ce ai ƙirar Ingila ce, a Landan kuɗin mota za ta yi, wani kuma ya ce tsohon ƙarfe ne, a kai wa 'yan gwangwan.

Abin da na gani shi ne, bindigar da aka yi wa gyare-gyare tana da kasuwa uku, kuma ukun ba sa jituwa. Akwai kasuwar masu tara kayan tarihi a Turai, waɗanda ke son ta yadda ta fito daga masana'anta. Akwai kasuwar mafarauci, wanda tambayarsa ɗaya ce, za ta tashi kuma ba za ta fashe masa a hannu ba? Sai ta 'yan gida, waɗanda kowane faci a jikinta labari ne a wurinsu. A Kumasi da wuya ka sami tsohuwar bindigar da hannun maƙeri bai taɓa ba, kuma dalilin haka ya girmi kakanninmu.

Garin nan da bindiga aka kafa shi. A 1701 Osei Tutu ya karya Denkyira a Feyiase, kudu da Kumasi kaɗan, kuma daga nan hanyar gaɓar teku ta buɗe wa Asante, wato mutanen da tsofaffinmu suke kira Tonawa. Zinariya da bayi suna sauka, bindiga da albarushi suna hawowa. Bindigar lokacin ita ce mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda muke ce wa bindigar toka ko harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak saboda su ne suke riƙe da ganuwar Christiansborg a Osu, ko da yake mafi yawan irinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Kaya ne na araha da aka yi musamman don kasuwar Afirka, kuma suna yawan fashewa. Tun wancan zamani maƙeran Asante suka koyi gyaransu, su sake ƙota, su ƙera sifirin, su ɗaure inda ya tsage.

Abin da ya shafe mu mu 'yan Zango shi ne, sarakunan Asante sun bar goro ya tafi arewa amma sun hana bindiga da albarushi bin wannan hanya. Fataken Kano da Katsina suna zuwa Salaga su ɗaura goro su juya, makamin kuwa sai dai su gan shi a kafaɗar dogaran Tonawa. Ba wai ƙasar Hausa ba ta san bindiga ba. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, kuma Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Sai dai a can doki da mashi da kwari da baka ne suka ci gaba da riƙe fagen fama.

Karo na biyu da Bahaushe ya doshi Kumasi, da bindiga a hannunsa ya zo, amma ta Bature. Kyaftin John Glover ya fara tara dakarun da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas a 1863, kuma da irinsu ya taso daga wajen kogin Volta a yaƙin 1874, lokacin da Janar Wolseley ya nufo daga teku. A gwabzawar Amoaful ranar 31 ga Janairu aka ga bambanci ƙiri-ƙiri. Mayaƙan Asante suna ɗura gutsattsarin dalma da ƙarfe ta baki, sojojin Ingila suna harba Snider wadda ake sa wa harsashi ta baya. An shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu aka ƙone ta. A 1896 aka kama Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, inda aka tsare Gwamna Hodgson cikin ganuwar Kumasi tare da sojojin Hausa. Wannan ganuwa ita ce yanzu gidan tarihin sojojin Ghana, kuma wanda bai taɓa shiga ba ya kamata ya je ya ga makaman da aka jera a ciki. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya riga ya watsa 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai Zango ya cika da tsofaffin sojoji da fataken goro.

Amma abin da ya fi yanke wa bindigoginmu ƙaddara ba a fagen yaƙi ya faru ba. A watan Yulin 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a duk faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita. Abin da aka bari a sayar a kasuwa shi ne mai ƙanƙara marar zare a cikin bututu, da albarushin ciniki. Saboda haka masana'antun Liyej suka ci gaba da ƙera mana bindigar da Turai ta daina amfani da ita tun zamanin kakanninsu, har cikin ƙarni na 20. Bindigar farauta mai karyewa a tsakiya, wadda ake sa wa harsashin kwali, ta zama abin da sai da takardar izinin Bature. Masu samun ta su ne sarakuna da manyan akawu da manoman koko masu hali da attajiran goro. Mallakar ta kamar mallakar agogon bango ne ko keken Raleigh, shaida ce ta cewa an san da kai.

A nan zan ɗan ratse, domin kada a ɗauka mu ne muka ƙago sauya wa bindiga kama. Turawa sun riga mu. Faransa ta ɗauki tsofaffin bindigoginta na soja masu ɗuri ta baki ta yanke bayansu ta sa musu murfi, suka koma masu ɗuri ta baya. Da ta gama da su aka sayar wa 'yan kasuwar Liyej, su kuma suka mai da su bindigogin farauta masu araha, aka watsa su duniya da sunan Zulu. Wato ƙarfe ɗaya ya yi rayuwa uku. Kamfanin Greener na Birmingham kuma ya ɗora bututun farauta a kan tsarin Martini na soja ya sayar wa 'yan sandan Masar da na wasu ƙasashen mulkin mallaka. A wani samfurin har harsashi na musamman aka yi mata, don idan an sace ta ɓarawo ya rasa abin da zai sa mata. Sauyin da aka yi a masana'anta aka buga masa hatimi, masu tara kayan tarihi suna kiransa samfuri. Wanda aka yi a rumfar maƙeri a Suame kuwa suna kiransa ɓarna.

Suame ɗin ma sunanta na Magazine daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka ya samo asali. Idan sifirin ya karye a 1978, lokacin da ko sabulu da madara sai an yi layi, wa zai aika Birmingham neman wani? Sai a nufi wanda ya iya ƙarfe. Doka kuma ba ta taɓa sakar wa wannan sana'a mara ba. Dokar makamai ta 1962 da ta mulkin soja ta 1972 sun sa ƙera bindiga ba tare da izinin hukuma ba ya zama laifi, kuma maƙerin da ke gyara yana aiki ne a bakin wannan iyaka. Emmanuel Kwesi Aning ya yi rubutu a 2005 kan yadda sana'ar ta koma ɓoye a wurare irin su Suame da Techiman da Alavanyo. Sakamakon shi ne maƙera masu hannu sosai, amma babu gidan gwaji, babu hatimi, babu takardar da za ta ce wane ne ya yi wane aiki a wace shekara.

Wadda na riƙe da hannuna a wani gida a Oforikrom, can ciki daga titin Accra, misali ce ta duk wannan. Mamacin tsohon ɗan kasuwar goro ne. Ya saye ta a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutane suna kaɗar da gidaje da kekunan ɗinki a kan kuɗin mota zuwa Najeriya. Mai baki biyu ce, lamba 12, irin mai kunnuwa a waje waɗanda ake ja da babban yatsa kafin a taɓa kunama. Lamba 12 ɗin ma'anarta ita ce, idan aka dunƙule dalma daidai faɗin bututun, guda 12 ne za su yi nauyin laba ɗaya. A gefenta an zana W. Richards, kuma wannan sunan ne ya sa magada suka fara lissafin mota.

Sunan da ke gefen bindiga shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yarda da shi. Westley Richards babban kamfani ne na Birmingham, kuma daidai saboda haka ƙananan masana'antun Beljiyam suka riƙa buga W. Richards a kan kayansu masu araha. Gaskiya tana ƙarƙashin bututun, wurin da katakon gaba yake rufewa, inda gidan gwaji yake buga hatiminsa bayan an harba bindigar da albarushin da ya fi ƙima ta kuma jure. An kafa gidan gwajin Birmingham da dokar majalisa a 1813. Hatiminsa na farko sanduna biyu ne a gicciye da kambi, a 1904 aka koma haruffa BP da BV ƙarƙashin kambi, a 1954 kuma BNP. Na Liyej haruffa ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. Da aka goge tsatsa da ɗan mai, abin da ya fito a tamu ELG ne mai kambi. Ke nan 'yar Beljiyam ce, kuma ba ta girmi 1893 ba. Abin da ban gani ba ya fi wanda na gani nauyi. Babu zakin da ke tsaye bisa haruffa PV, wanda shi ne shaidar an gwada ta da albarushi marar hayaƙi.

Daga nan sai aikin hannun gida. Ƙotar asali ta gyaɗar Turai ta tafi, an sa wata ta katakon nan gida mai nauyi, kuma 'yan gidan sun ce wani kafinta ne a Anloga ya sassaƙa ta, tun kafin a tashi masu katako zuwa Sokoban. Aikin ya yi kyau, na rantse ya fi na asalin wasu da na gani zama a kafaɗa. An naɗe wuyanta da wayar tagulla, an ɗinke laya cikin jar fata a gindinta. Bututun biyu an rage musu tsawo, wai bakin ɗaya ne ya taɓa buɗewa kamar fure bayan ya cusa laka a gonar koko. Allurar da ke dukan gindin harsashi a ɓangaren dama kuma ba ta yi kama da 'yar uwarta ba, ƙirar hannu ce. Maƙeri ɗaya ya yanke, wani ya ƙera allura, na uku ya yi ƙoƙarin matse mahaɗar da ta saki, ga sawun gudumarsa nan.

Ƙorafin da aka kawo min shi ne ɓangaren dama yana ƙin tashi. Babban ɗan gidan ya ce, "Malam, ita dai damar ce matsala, hagun lafiyarta ƙalau." Na ce masa, "Alhaji, da dai damar ce kawai da mun ji daɗi." Ƙin tashi shi ne mafi sauƙin ciwon tsohuwar bindiga. Harsashin da bai tashi ba shi zai faɗa maka dalili. Idan tabon da ke gindinsa marar zurfi ne, allura ta ci ko sifirin ya gaji ko datti ya daskare. Idan tabon ya zauna sosai amma shiru, harsashin ne ya sha damina, abin da ba baƙo ba ne a Kumasi. Kuma kowane mafarauci ya san idan aka ja kunama ba a ji komai ba, ba a saurin karya bindiga a leƙa. A bar bakinta inda ba kowa a ƙirga aƙalla rabin minti, don akwai harsashin da ke tashi a makare.

Ciwon gaske yana inda ba a yi ƙorafi ba. Da aka cire katakon gaba aka girgiza ta, sai ka ji bututun yana motsi a mahaɗarsa, har haske yana ratsa tsakaninsa da fuskar ƙarfen. Da aka rataye bututun aka ƙwanƙwasa, maimakon ya yi amo kamar ƙararrawa sai ya yi wani dum, alamar dalmar da ta haɗe su biyun ta saki kuma ruwa ya daɗe da shiga tsakani. Da aka ɗaga shi sama aka leƙa, cikinsa duk ramukan tsatsa. Sannan ga zanen da ke jikinsa mai kama da igiyar ruwa, wanda yaran gidan suka ɗauka ado ne. Wannan shi ne ƙarfen murɗe da Turawa suke kira Damaskas. Sandunan ƙarfe iri biyu ake murɗewa a naɗe su a jikin sanda a yi ta duka da wuta har su haɗe. Yana da kyau a ido, amma duk tsawonsa ɗinki ne, tsatsa tana bin ɗinkin ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Don baƙin albarushi aka yi wannan bindiga, harsashin BB da AAA da ake sayarwa yau kuwa marar hayaƙi ne.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata duk mai tsohuwar bindiga a gida ya sani. Yawancin na Ingila da Beljiyam na wancan zamani mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin yau kuma galibi 70 ne. Tsawon da aka rubuta a kwali tsawonsa ne bayan ya tashi ya buɗe baki, don haka mai 70 yana shiga mazaunin 65 lafiya lau, bindiga ta rufe kamar ba komai. Sai an harba ne bakin kwalin zai rasa wurin buɗewa, ƙarfin ya ƙaru. Bindiga mai lafiya tana iya jurewa. Mai ƙarfen murɗe da ramukan tsatsa tana iya jurewa sau ɗari ta ƙi a na ɗari da ɗaya, kuma wurin da take fashewa daidai inda hannun hagu yake riƙe ne. Shi ya sa maganar "ai Baba ya yi shekara talatin yana harba ta" ba ta kwantar min da hankali, shekara talatin ɗin su ne suka ci ƙarfen.

Yankan da aka yi wa bakin ma ya tafi da wani abu. Tun wajen 1875, lokacin da W. W. Greener ya yayata dabarar, ake ɗan matse ƙarshen bututu don ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule su yi nisa. Matsewar tana cikin inci biyu ko uku na ƙarshe. Wanda ya yanke su ya mai da ita mai watsawa, ta isa gyazbi a kusa amma ba ta isa gada a nesa ba.

To nawa ke nan? A kasuwar farko kusan babu. Ko da ba a taɓa ta ba, irin waɗannan 'yan Beljiyam an yi su da yawan gaske, a can ma adon bango ake saye su. A Ingila sayar da bindigar da ta fita daga sharaɗin gwajinta laifi ne, kuma fitar da makami daga Ghana ba abu ne da mutum zai yi da jakar hannu ba. A kasuwa ta biyu, mafaraucin da ke kai nama Atwemonom zai zaɓi Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, wadda ake ƙerawa a Izhevsk tun 1964, mummuna amma mai jure wahala, kuma yana da gaskiya. Wanda zai sayi tamu don harbi kuwa, wanda bai san abin da na lissafa ba ne, sayar masa kuma algus ne da zai iya cin yatsun mutum ko idonsa.

Saura kasuwa ta uku, kuma a nan nake rabuwa da littattafan Turawa. Ni a wurina ƙotar Anloga da wayar tagulla da allurar maƙerin da ba a san sunansa ba su ne suka sa wannan bindiga ta cancanci a ajiye. Ba don su ba, ɗaya ce cikin dubban da Liyej ta zubar. Da su kuwa, a jikinta ana iya karanta dokar 1890 da korar 1969 da shekarun da kaya suka yanke. Gidajen tarihinmu sun fi son makamin da aka ƙwato a yaƙi, amma irin wannan ce ta fi nuna yadda talaka da attajirin Zango suka zauna da ƙarfe. Sai dai malamin rabon gado ba ya raba labari, abin da za a iya saye da sayarwa yake yi wa kuɗi.

Akwai kuma hukuma. Lasisin bindiga a Ghana na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ana sabunta shi duk shekara a wurin 'yan sanda, kuma ba ya bin gado kamar yadda gida yake bi. Takardar da aka samu cikin akwatin mamacin ta daɗe da mutuwa. Tun 2007 akwai hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, kuma gwamnati takan buɗe wa'adin afuwa don a yi rajista ko a miƙa, kamar yadda ta yi a 2016. Magajin da ya mayar da ita bayan ƙyaure ya yi shiru ya gaji laifi tare da ƙarfen.

An yi mata ƙimar da ba ta kai kuɗin tunkiyar layya ba, aka sa ta cikin rabon babban ɗan, ƙannensa mata ba su yi jayayya ba. Ya ɗauki tsohuwar takardar da shaidar rasuwar mahaifinsa ya tafi ofishin 'yan sanda ya ji abin da za a ce masa. Harsasai bakwai da aka samu cikin gwangwanin Milo, kwalinsu duk ya kumbura, su ma ya tafi da su. Layar kaɗai aka kwance, gwaggonsu ta ce ta ubanta ce tun kafin ta zama ta bindiga.